Rikicin adireshi a cikin ram da yadda yake hana kwamfuta tashi

Duk wanda ya taɓa yini a shagon gyaran kwamfuta a Sakkwato ya san hukuncin da ake yanke wa kwamfutar da ta ƙi tashi tun kafin mai ita ya gama bayani, wato a yi mata fomatin. Mutum zai ɗauko ta daga Mabera ko Arkilla, ya ce jiya lafiya lau ya kashe ta, yau kuwa tambarin kamfani kawai take nunawa, allo ya yi baƙi, ta sake komawa farko. Yaron shago ya ce, "Alhaji, sai dai a wanke ta," ya zaro filasha, ya share faifai, ya zuba sabuwar manhaja. Ba za a ga laifin masu wannan al'ada gaba ɗaya ba, domin sau da yawa abin da ke hana tashi a faifan ajiya yake. Amma akwai wani rukuni na matsala da fomatin ba ya taɓa shi ko an maimaita sau goma, sai dai mai kaya ya yi asarar takardunsa da hotunansa a banza, domin ba a faifai gizo ke saƙar ba. Matsalar tana cikin lambobin da furosesa, wato guntun da ke aiwatar da umarni, ke amfani da su wajen nemo abu a cikin ram, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a ciki.

Kenel shi ne ƙwayar babbar manhaja, ko Windows ce ko Linux ko Android. Shi ke fara zama a cikin ram, ya karɓi ragamar na'ura, ya raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci. Ram kuwa, a wajen furosesa, dogon jeri ne na ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar bayit ɗaya, kowanne kuma da lambarsa, kuma wannan lambar ita ce adireshi. Masu fannin suna rubuta ta da ƙidayar sha shida, inda ake ƙara haruffan A zuwa F a kan alƙaluma goma da aka sani, a sa 0x a gabanta. Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne ba kowace lamba ce ke kaiwa ga ram ba: wasu suna kaiwa ga katin hoto, wasu ga guntun da BIOS, manhajar farko da ke tashi idan an kunna na'ura, ke zaune a ciki, wasu ga sauran na'urorin da ke kan allon uwa, wasu kuma babu komai a bayansu. Kafin kenel ya tsaya da ƙafafunsa sai ɓangarori uku sun yarda da taswira ɗaya: BIOS ko magajinsa UEFI, wanda ya san yadda aka shimfiɗa na'urar, manhajar tayarwa irin GRUB, wadda ke ɗauko kenel daga faifai ta ajiye shi a wani adireshi, da kenel kansa, wanda aka gina shi da zaton inda zai sami kansa. Idan ɗaya daga cikin ukun ya saɓa da sauran, kwamfuta takan mutu a lokacin da ba ta ma kai ga iya rubuta kukanta a allo ba.

Tushen rikicin tsoho ne. A 1978 kamfanin Intel ya fitar da furosesa 8086 mai layukan adireshi 20, abin da ke nufin iyakar gurabenta 1,048,576, wato megabayit ɗaya. Da IBM ya gina kwamfutarsa ta 1981 a kan ƙanwarta 8088, sai ya raba wannan megabayit: kilobayit 640 na ƙasa ga manhajoji, 384 na sama ga allo da BIOS. Wannan rabo bai gushe ba. Har yau furosesar Intel idan aka kunna ta tana farkawa ne a cikin yanayi mai kama da na 8086, ta ɗauko umarninta na farko daga 0xFFFFFFF0, bayit 16 ƙasa da iyakar gigabayit huɗu. Kuma a tsohon tsarin BIOS har yau bayit 512 na farkon faifai ake kwafewa zuwa 0x7C00 a miƙa musu ragama. Ke nan kowace tashi tafiya ce daga 1978 zuwa yau cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma a kowane zango akwai inda ake iya ɓacewa.

Zango mafi ban mamaki shi ne na layin A20. A 8086 ana haɗa lambobi biyu ne a samar da adireshi, a ninka ta farko sau 16 a ƙara ta biyu, kuma jimillar tana iya zarce megabayit ɗaya da kaɗan. Tun da babu layi na ashirin da ɗaya, abin da ya zarce sai ya zagayo ya faɗa kan sifili. Wasu manhajojin zamanin DOS, babbar manhajar wancan lokaci, sun jingina da wannan zagayowa. Da aka zo 1984, IBM ya fitar da PC AT mai furosesa 80286 da layuka 24, wadda ke iya kaiwa megabayit 16, sai zagayowar ta ɓace, tsofaffin manhajojin suka rikice. Maganin da aka yi shi ne a sa ƙofa a kan layin na ashirin da ɗaya, wanda ake kira A20 saboda ƙidayar daga sifili take farawa, a bar ta rufe lokacin kunnawa, mabuɗinta kuma aka damƙa wa guntun da ke kula da madannai, don kawai shi ne ke da ƙafar da ba a amfani da ita. Muddin ƙofar na rufe, megabayit na biyu inuwar na farko ne, na huɗu inuwar na uku, haka har sama. Manhajar tayarwa da ta ajiye kenel a 0x100000 ba tare da ta buɗe ƙofar ba, a haƙiƙa kan ƙasan ram take rubutu, inda jadawalin BIOS yake, ta rushe abin da take tsaye a kai. Shi ya sa Linux ke gwada hanyoyi daban-daban na buɗe ta, ta BIOS, ta guntun madannai, da ta mashiga 0x92, yana tabbatarwa bayan kowace. Sababbin na'urori sun rabu da wannan ƙofa, amma alamar cutarta, wato gurabe biyu su zama ɗaya, tana da amfani a riƙe ta, domin za ta sake bayyana a teburin mai gyara.

Da ram ya yawaita, kenel ya daina iya zaton inda yake, sai an gaya masa. A tsarin BIOS akwai kiran da aka sani da E820, a UEFI kuma akwai makamancinsa, kuma amsar duka jeri ne na yankuna: daga nan zuwa nan ram ne, yi amfani da shi; daga nan zuwa nan keɓaɓɓe ne, kada ka taɓa; wannan na bayanan ACPI ne, masu bayyana na'urori da sarrafa wuta. Mutumin karkarar Sakkwato ba ya buƙatar dogon bayani a kan yanki keɓaɓɓe, domin ya san burtali. Burtali ba gona ba ne ko da yau babu saniya ɗaya a kansa, kuma wanda ya shuka a ciki zai ga amfani ya tsiro lafiya har ranar da garke zai biyo. Haka ram yake idan taswirar BIOS ta yi kuskure ta nuna keɓaɓɓen wuri a matsayin fili: kenel ya ajiye jadawalinsa a can, komai ya tafi daidai, sai BIOS, wanda bai daina aiki a ɓoye ba ko bayan tashi, ko katin hoton da ke cin rabonsa daga ram, ya zo ya taka wurin. Masu kula da Linux sun sha fama da BIOS ɗin da ke ɓata ƙasan ram har suka daɗe suna barin kilobayit 64 na farko ba su taɓa ba, daga baya kuma, a fitowa ta 5.13 a 2021, suka haƙura da megabayit na farko gaba ɗayansa. A ganina wannan hukunci ne na masu hankali: asarar megabayit ɗaya a na'ura mai giga takwas ba komai ba ce idan aka kwatanta da binciken cutar da ke zuwa sau ɗaya a mako.

Sai iyakar giga huɗu, wadda ita ce masu sayen kwamfutocin hannu suka fi cin karo da ita. Furosesa 80386 ta 1985 ta zo da bit 32, wato gurabe 4,294,967,296, amma dole a yanke wa katin hoto da sauran na'urori rabonsu daga saman wannan iyaka, shi ya sa Windows mai bit 32 ke nuna giga uku da 'yan kai ko an sa mata huɗu. Allunan da suka fi sabunta suna ɗauke ram ɗin da aka rufe su mayar da shi sama da giga huɗu, kuma a wasu akwai zaɓin yin haka a cikin BIOS. Tsofaffi irin masu guntun Intel 945 ba su iya ba sam, don haka zuba musu manhaja mai bit 64 ba ya dawo da ko bayit ɗaya. Tun 1995, da Pentium Pro, aka ƙirƙiro PAE, wanda ya faɗaɗa layukan zuwa 36, giga 64 ke nan, kuma daga baya manhajoji suka mayar da shi sharaɗi, ciki har da Windows 8 ta 2012. Wasu furosesoshin Pentium M na kwamfutocin tafi-da-gidanka na wajen 2003 suna iya PAE amma ba sa faɗa idan an tambaye su, sai kenel ya tsaya tun a bakin ƙofa ya ce furosesa ba ta cika sharaɗi ba. A Linux kalma ɗaya, forcepae, ita ke warware wannan.

Inda abin ya fi zurfi shi ne lokacin da kenel ke sauya ma'anar adireshi kanta. Manhajoji ba sa aiki da adireshin ainihi, suna aiki ne da abin da za a iya kira adireshin laƙabi, furosesa kuma tana fassara laƙabin zuwa ainihi ta hanyar jadawalin da kenel ya gina, shafi-shafi, kowane shafi bayit 4,096. Misalin yana nan a fada: wanda aka aika da saƙo wajen Magajin Gari ko Galadiman Gari laƙabi aka ba shi, kuma saƙon ba zai isa ba sai ya san wane ne ke riƙe da sarautar, a wane gida yake. Wahalar ita ce kenel yana fara numfashi ne a duniyar ainihi, ya gina jadawalin, ya rubuta inda yake a cikin rajistar CR3, ɗaya daga ƙananan ma'ajiyoyin cikin furosesa, sannan ya kunna fassara ta hanyar ɗaga bit ɗaya a CR0. Daga wannan ƙiftawar, umarnin da ke biye ma sai an fassara adireshinsa kafin a ɗauko shi. Idan jadawalin bai ƙunshi wurin da kenel yake tsaye ba, furosesa za ta ɗaga kuskuren shafi, ta nemi mai kula da kuskuren, ta tarar shi ma adireshinsa ba ya cikin jadawali, ta ɗaga kuskure na biyu, shi ma haka, a na uku kuma ta saki komai, na'ura ta sake kunnuwa. Babu saƙo, babu shuɗin allo. Wannan shi ne asalin wasu daga zagayen sake kunnuwa da ke faruwa nan take bayan an wuce GRUB, kuma a tsarin bit 64 babu hanyar kauce wa zangon, domin furosesa ba ta shiga wannan yanayi sai an kunna fassara, da jadawali mai hawa huɗu.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya zauna rubuta ƙaramin kenel na kansa zai haɗu da wannan a makonsa na farko. Al'adar Linux mai bit 32 ita ce a bar wa manhajoji giga uku na ƙasa, kenel ya zauna daga 0xC0000000 zuwa sama, kuma masu koyo sukan kwaikwayi haka: a ɗaure kenel da laƙabin 0xC0100000 alhali GRUB a 0x00100000 ya ajiye shi. Kafin a kunna fassara, kowane suna da aka ambata a cikin shirin yana nuni ne zuwa sama inda babu komai, don haka sai an debe 0xC0000000 daga kowanne. Kuma dole a shigar da megabayit kaɗan na farko, inda kenel yake, a jadawali sau biyu, sau ɗaya a inda suke, sau ɗaya a sama, a yi tsalle zuwa sama, a gyara manunin tari, wato wurin da kenel ke jibge bayanan wucin gadi, da na GDT, jadawalin sassan ram, sannan a goge na ƙasa. Wanda ya goge na ƙasa kafin ya gyara waɗannan biyun zai ga kenel ya tashi lafiya, ya mutu a katsewa ta farko, wato da zarar wata na'ura ta nemi hankalin furosesa. Ba a neman irin wannan kuskure a kan na'ura ta gaske. A yi amfani da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, a ba shi -no-reboot da -d int, zai tsaya ya zayyana kurakuran a jere, rajistar CR2 kuma za ta nuna ainihin adireshin da aka nema aka rasa. Lambar nan ɗaya takan bayyana laifin kafin a buɗe manhajar bin kurakurai ta GDB.

Akwai kuma abubuwan da zamani ya ƙaro. Tun fitowa ta 3.14 a 2014 Linux ya sami dabarar KASLR, inda kenel ke zaɓar mazauni daban a kowace tashi don wahalar da masu kutse. Idan taswira tana da ƙarya a wani yanki ko ram yana da rauni a wani gurbi, sai kwamfuta ta tashi sau huɗu ta ƙi a na biyar, mai ita ya ce aljanu ne, mai gyara ya ce wuta ce. Haka nan GRUB kan ce wuri ya ƙare a na'ura mai giga 16, domin shi ba duka ram yake riƙe da shi ba, kuma initrd, fayil ɗin kayan aikin farko na kenel da yake ƙoƙarin ɗaukowa, ya yi ƙiba; a Debian da Ubuntu rage shi ta hanyar sa MODULES=dep ya kan isa. Ƙananan kwamfutocin Atom na wajen 2013 da 2014 kuwa furosesarsu bit 64 ce amma UEFI ɗinsu bit 32, ba sa ko ganin filashar da ba ta da bootia32.efi.

Gyara yana farawa ne da tambayar a wane zango ta mutu. Idan ko tambari bai fito ba, sai ƙara ko ƙiftawar fitila, ba a kai ga kenel ba tukuna, sau da yawa BIOS ne ya kasa tayar da ram. Idan GRUB ya fito, to akwai ƙofa a buɗe: a danna e, a goge quiet da splash daga layin kenel don ya yi magana, a tsohon tsarin BIOS a ƙara earlyprintk=vga, sannan a danna F10; canjin na tashi ɗaya ne, ba ya ɓata komai. Daga nan a gwada mem=2G, wanda ke hana kenel taɓa abin da ya haura giga biyu. Idan ta tashi, an san laifin yana sama, sai a riƙa matsar da iyakar ana raba tazarar biyu har a ƙuntata wurin. Da zarar ta tashi kuma a duba layukan e820 a cikin dmesg, wato saƙonnin kenel, da abin da ke /proc/iomem a ga taswirar da BIOS ya bayar. Idan nokaslr, mai kashe KASLR, ne ya sa ta daina ƙin tashi, ba a warke ba, an dai gano cewa akwai gurbin da ba a so a taka. Waɗannan kalmomi na bincike ne, kuma kuskure ne a bar su dindindin a sallami mai kaya: mem= yana zubar da ram ɗin da aka saya da kuɗi, nokaslr kuma yana cire kariya.

Abin da zai raba gardama shi ne Memtest86+, wanda ke tashi shi kaɗai ba tare da babbar manhaja ba, ya rubuta a kowane gurbi ya karanta. A bar shi ya zagaya sau da yawa, kuma a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ya fi kyau a yi gwajin da rana a irin ɗakin da na'urar ke aiki, domin ram mai rauni kan ci jarrabawa a cikin sanyin iyakwandishan ya faɗi a shagon kwano. Yadda kurakuran suka jeru yana da ma'ana. Idan sun taru a wuri ɗaya ba sa motsi, gurabe ne suka lalace. Idan kuwa suna maimaituwa a tazara daidai wa daida, to layin adireshi ne bai taɓa da kyau ba, cutar A20 ce ta dawo ta wata ƙofa, kuma a nan ƙurar hunturu ce abar zargi ta farko: a cire ram, a goge haƙoransa da kilina, a hure ramin, a sauya masa rami a ga ko kuskuren ya bi shi ko ya tsaya a ramin. A duba ƙaramin batirin CR2032 ma, domin idan ya mutu BIOS kan manta saitinsa ya koma na asali, na'urar da aka girka a tsarin UEFI ta wayi gari tana neman tashi a tsohon tsari. Idan taswirar ce da kanta ke da kuskure, sabunta BIOS shi ne gyaran gaskiya, amma kada a fara shi sai da cikakken batiri ko inbata, don ɗaukewar wuta a tsakiyarsa ta fi cutar muni.

Gurbin da ya lalace ana iya kewaye shi da shinge. A Linux, memmap=4M\$0x5A000000 yana keɓe megabayit huɗu daga wannan adireshi, kuma karkatacciyar sandar da ke gaban alamar dala wajibi ce don GRUB na ɗaukar alamar a matsayin tasa; akwai kuma GRUB_BADRAM, a Windows kuma badmemorylist ta hanyar bcdedit. Ga ɗalibin da ram ɗin kwamfutarsa a like yake da allo, wannan shinge na iya ƙara mata shekaru. Ga ofishin da ke riƙe da bayanan albashi ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ban ga hujjar yin haka ba, a sauya ram. Kuma ko ga ɗalibin, idan gwaji na gaba ya nuna kurakuran sun ƙaru ko sun sauya wuri, shinge ya daina amfani.

Masu filashin ɗin waya suna fuskantar wannan rikici kullum ko da ba su kira shi da sunansa ba. Waya ba ta da BIOS da za a tambaya. Wani fayil ne da ake kira bishiyar na'ura ke gaya wa kenel inda ram ya fara, girmansa, da yankunan da aka keɓe wa sashen sadarwa da na tsaro. A wayoyi masu guntun MediaTek, irin da yawa daga cikin Tecno da Infinix da itel, ɓangaren farko da ake kira firiloda shi ke tayar da ram, kuma yana ɗauke da saitin takamaiman guntayen ram da ya sani. Waya biyu masu suna ɗaya a bayan murfi na iya zuwa da guntu daban, don haka fayil ɗin da ya tayar da wata na iya sa wata ta tsaya a tambari, ko ta yi shiru gaba ɗaya idan firilodan ne bai dace ba. Kafin a danna komai a SP Flash Tool, manhajar filashin ɗin wayoyin MediaTek, a kwafi abin da ke cikin wayar a ajiye, a gwada lambar da ke jikin allonta da ta fayil ɗin, kuma muddin wayar tana nuna tambari, a cire alamar da ke kan firiloda, domin nata yana aiki.